Daga allon sinima zuwa wayar hannu: yadda masu shirya fim ke tsara lokacin sakin fina-finansu

Duk fim ɗin da aka kammala, tambayar farko da ke gaban mai shi ita ce inda za a fara nuna shi, da kuma kwanakin da za a bari su wuce kafin a kai shi wani wurin. A tsarin da manyan kamfanonin duniya suka daɗe a kansa, gidan sinima ne ke fara karɓa, ya riƙe fim ɗin shi kaɗai na wani lokaci, sannan a sake shi ga masu haya ko saye su kalla a gida, daga nan ya shiga manhajojin da ake biya duk wata, a ƙarshe ya isa gidajen talabijin na kyauta. Lokacin da sinima ke riƙe da fim ita kaɗai shi ne ake nufi da wa'adin sinima, kuma tsawonsa ne aka fi jayayya a kai a harkar fim tun daga shekarar 2020.

An gina wannan tsari ne bisa zaton cewa mai kallo yana da gidan sinima kusa da shi. A Kafanchan da sauran garuruwan kudancin Jihar Kaduna, kamar yadda yake a mafi yawan garuruwan Arewa, zaton bai dace da halin da ake ciki ba. Manyan gidajen sinima na zamani sun taru ne a Legas, Abuja, Fatakwal, Ibadan da wasu 'yan birane. Saboda haka shawarar da furodusa ya yanke a Kano ko a Legas game da wa'adi ita ce ke tantance ko mutumin Kagoro zai ga fim ta hanyar da kuɗinsa za su isa ga mai shi, ko kuwa zai gan shi ta hannun wanda ya sato.

Dalilin wa'adi

Hikimar tsarin ta kasuwanci ce. Fim kaya ne da kusan duk kuɗinsa ake kashewa kafin mutum ɗaya ya gan shi, amma bayan haka kwafin da za a ƙara ba ya cin komai. Masu kallo kuma ba matsayinsu ɗaya ba: akwai mai zumuɗin da zai biya tikiti mai tsada a makon farko, akwai wanda zai jira ya biya kaɗan ya kalla tare da iyalinsa, akwai wanda ba zai biya ko sisi ba sai an nuna a talabijin. Idan aka saki fim ta kowace hanya a rana ɗaya, mai zumuɗin ma zai bi hanya mafi araha. Jinkirin da ake sanyawa tsakanin hanyoyin shi ke ba kamfani damar sayar da kaya ɗaya sau huɗu ko biyar, kowanne da farashinsa.

Akwai dalili na biyu. Fim ɗin da ya yi tashe a sinima yakan shiga bakin jama'a, jaridu su yi rubutu a kansa, a san adadin kuɗin da ya tara. Wannan adadi shi ne ma'aunin da gidajen talabijin da manhajoji ke dubawa idan za su taya. Don haka wani lokaci sinima talla ce da ke biyan kanta.

Su ma masu gidajen sinima ba su da abin dogaro sai wa'adin. Suna biyan hayar gini, wuta da ma'aikata, suna kuma raba kuɗin tikiti da masu fim, galibi kusan rabi da rabi. Ribarsu mai tsoka tana fitowa ne daga gugguru da lemon kwalba, waɗanda ba sa sayuwa sai mutane sun shigo. Duk kwanan da aka rage daga wa'adi, a ganinsu, dalili ne aka ƙara wa mutum na ya zauna gida.

A Amurka, lokacin da kaset ɗin bidiyo ya bayyana, kamfanonin fim sun ɗauke shi a matsayin abokin gaba. Universal da Disney sun kai kamfanin Sony ƙara saboda na'urarsa ta Betamax, sai dai a 1984 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukuncin cewa naɗar shiri a gida domin a kalla daga baya bai saɓa doka ba. Ba a jima ba kaset ɗin da suka yaƙa ya zama babbar hanyar samun kuɗinsu. A zamanin kaset, fim yakan yi kusan wata shida kafin ya isa shagunan haya. Da faifan DVD ya zo sai wa'adin ya riƙa raguwa, har ya tsaya a kusan kwana 90, ya kuma daɗe a nan.

Shekarar da tsarin ya girgiza

Annobar korona ce ta karya wannan al'ada. A watan Afrilun 2020, gidajen sinima na rufe, Universal ya saki Trolls World Tour kai tsaye ga masu haya a gida a kan dala 19.99, ya kuma tara kimanin dala miliyan 100 cikin mako uku. Kamfanin AMC, wanda ya fi kowa yawan gidajen sinima a Amurka, ya yi barazanar daina nuna fina-finan Universal baki ɗaya. A watan Yuli suka sasanta a kan kwana 17 kacal, wato ƙarshen mako uku, tare da ba AMC kaso daga kuɗin hayar gida. Yarjejeniyar da Universal ya ƙulla da Cinemark a watan Nuwamba ta ƙara wani sharaɗi mai ma'ana: fim ɗin da ya tara sama da dala miliyan 50 a ƙarshen makonsa na farko zai zauna a sinima aƙalla kwana 31. Wato ƙarfin fim ne zai yanke tsawon zamansa.

Wasu sun zarce haka. Disney ya sanya Mulan a manhajarsa ta Disney+ a watan Satumban 2020 a kan ƙarin dala 29.99. A watan Disamba, Warner Bros. ya sanar cewa dukan fina-finansa na 2021 za su fita a sinima da manhajar HBO Max a rana ɗaya, abin da ya fusata daraktoci da jarumai waɗanda wani ɓangare na ladansu ya rataya a kan cinikin tikiti. Jaruma Scarlett Johansson ta maka Disney a kotu a Yulin 2021 kan sakin Black Widow ta hanyoyin biyu lokaci guda, aka daidaita a wajen kotu bayan wata biyu. Gwajin ya kuma tona wani abu da masu fim a Kano suka riga suka sani: da zarar kwafi mai kyau ya hau intanet, ɓarayin fasaha sun samu a ranar.

Daga 2022 mafi yawan kamfanonin suka koma wajen kwana 45, amma ba a matsayin doka ba. Top Gun: Maverick ya yi kusan wata uku a sinima kafin ya isa gida, ya tara kusan dala biliyan ɗaya da rabi. Oppenheimer ya fito a Yulin 2023, bai isa gida ba sai Nuwamba. Ƙananan fina-finai kuwa ana janye su cikin mako uku. A Faransa hukuma ce ke sa hannu: a tsarin da aka amince da shi a 2022, fim yakan jira wata huɗu kafin a sayar da shi na kallon gida, wata shida kafin ya isa tashar Canal+, wata 15 kafin Netflix, wanda a da sai ya jira wata 36. Sassaucin ya zo ne bayan Netflix ya ɗauki alkawarin zuba kuɗi a fina-finan ƙasar. A Indiya, manyan gidajen sinima sun dage a kan mako takwas ga fina-finan harshen Hindi.

Arewa ta faro ne daga gida

Tarihin Arewacin Nijeriya ya bi wata hanya dabam. Mutane da yawa sun fara ganin hoto mai motsi ne ta majigi, motar gwamnatin mulkin mallaka da ke zagaya garuruwa da dare tana haska fina-finan tsafta, noma da biyan haraji a filin gari, kyauta. Gidajen sinima na kasuwanci kuwa, waɗanda akasari 'yan kasuwar Labanan suka gina, sun fara a unguwannin baƙi. An buɗe Rex a Kano a 1937. A ranar 13 ga Mayun 1951 gobara ta tashi a sinimar El Duniya ta kashe mutum 331, al'amarin da mutane da dama suka fassara da cewa ishara ce a kan shiga irin waɗannan wurare. Tun daga lokacin sinima ta ɗauki sunan wurin da mutumin kirki ba ya zuwa, balle matar aure. Wannan tabo ya yi tasiri a kan kasuwar fim ɗin Hausa fiye da duk wani lissafin kuɗi, domin ya raba sinima da mata, su kuwa su ne suka zama mafi yawan masu kallo daga baya.

An yi fina-finan Hausa na sinima, irin su Shehu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma ba su da yawa, kuma abin da ya cika allunan Kano, Kaduna, Zariya da Jos shi ne fina-finan Indiya, na Sin da na Amurka. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, naira ta faɗi, sayo fim daga waje ya yi tsada, sai gidajen suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wasu suka koma shaguna, ɗakunan ajiya ko wuraren ibada.

A cikin wannan hali aka haifi masana'antar da ake kira Kannywood. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset a 1990, shekara biyu kafin Living in Bondage ya buɗe kasuwar kudu. Sunan Kannywood kansa ya fito ne a mujallar Tauraruwa a 1999. Sangaya daga Kano da Wasila daga Kaduna suka tabbatar da cewa akwai kasuwa mai girma a cikin gidaje. Abin lura shi ne ko a wancan lokaci akwai wani ɗan wa'adi: furodusoshi kan haska sabon fim a tsofaffin gidajen sinima da na'urar bidiyo, musamman da Sallah, su tara kuɗin ƙofa kafin su kai shi kasuwa. Amma cibiyar cinikin ita ce Ƙofar Wambai da Bata a Kano. Tsarin ma na musamman ne: furodusa yakan miƙa ainihin kwafin ga 'yan kasuwa su riƙa naɗa, shi kuma ya sayar musu da kwalin da ake sa kaset ɗin a ciki. Yawan kwalin da ya sayar shi ne kuɗinsa. Daga Kano kaya ke bazuwa a mota zuwa Kaduna, Jos, Sakkwato, Maraɗi, Yamai har Kumasi.

A ƙarshen 2000, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim da gidajen sinima, sannan a 2001 ta kafa Hukumar Tace Fina-finai. Harkar ta dawo, faifan bidiyo ya maye gurbin kaset, aka ci gaba da ciniki na sama da shekara goma. Abin da ya kashe kasuwar faifai a tsakiyar shekarun 2010 shi ne wayar hannu da katin ajiya. Matasa suka buɗe rumfuna da kwamfuta, suna tura fim goma a wayar mutum a kan kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba. Faifan da aka saki da safe, kafin la'asar ya shiga wayoyi. Mai fim ba ya samun komai daga wannan ciniki, duk da cewa an yi ƙoƙari a Kano na yi wa masu turawar rajista domin su riƙa sayen izini.

A nan ne furodusoshi suka waiwayi sinima, ba don kaɗai martabarta ba, sai don ita ce wuri ɗaya da ba a iya kallo sai an biya a ƙofa. Buɗe reshen Filmhouse a rukunin shagunan Ado Bayero da ke Kano a 2015 ya ba su ɗaki mai sanyi, mai tsaro, wanda magidanci zai iya zuwa da iyalinsa. Mansoor na kamfanin FKD ya ja jama'a a 2017, haka Mati a Zazzau na Rahama Sadau a farkon 2020. Sai dai allo biyu ko uku a birni ɗaya ba za su ɗauki masana'antar da ke fitar da ɗaruruwan fina-finai a shekara ba. Ana rububin ranakun Sallah, sauran watanni kuwa kujeru na zama wayam.

Korona ta rufe wannan ƙofar ma daga Maris ɗin 2020, na tsawon watanni. A shekarar ne fim mai dogon zango ya karɓe fage. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta riga ta saba wa mutane da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. A 2020 Labarina na Aminu Saira ya fara, Izzar So na Lawan Ahmad kuma ya nuna cewa ana iya tara miliyoyin masu kallo a YouTube kaɗai. Manhajojin gida irin su Northflix da Kallo sun gwada tsarin biyan kuɗi, amma YouTube ne ya yi rinjaye, domin mai kallo data kawai yake saye. YouTube yana ba mai tasha kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar da aka sa a bidiyonsa. Matsalar ita ce tallar da ake nuna wa mai kallo a Nijeriya ba ta da tsada, don haka kallo ɗaya daga Saudiyya, Ingila ko Amurka ya fi da yawa daga gida kawo kuɗi. Wannan ne ya sa ake cusa tallar masu magani da 'yan kasuwa a cikin shirin, ake kuma jan labari har ya yi zango bayan zango. Masu sharhi da dama na ganin tsarin ya ceci ma'aikata daga zaman banza amma ya rage ingancin labari, kuma akwai gaskiya a duka biyun.

Lissafin Legas

A kudu, sinima ta farfaɗo tun da Silverbird ya buɗe gidansa a Legas a 2004. The Wedding Party ya tara sama da naira miliyan 450 bayan fitowarsa a Disamban 2016, A Tribe Called Judah na Funke Akindele kuma ya zama na farko da ya haura naira biliyan ɗaya a Janairun 2024. Amma adadin da ake sanarwa ba shi ke shiga aljihun furodusa ba. Bayan an cire harajin kayayyaki na kashi 7.5 da harajin nishaɗi na jiha, gidan sinima ya ɗauki kasonsa, wanda ke ƙaruwa yayin da makonni ke tafiya, kamfanin rarrabawa ya cire ladansa, abin da ke saura bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Daga nan za a fitar da kuɗin talla.

Shi ya sa zuwan Netflix, wanda ya fara aiki a Nijeriya a 2016 ya kuma sayi Lionheart na Genevieve Nnaji a 2018, ya sauya lissafi. Furodusa ya samu zaɓi uku: ya kai sinima sannan ya sayar da izinin nunawa bayan wasu watanni, ya sayar kai tsaye ya karɓi dala ba tare da caca ba kamar yadda aka yi da The Black Book a 2023, ko ya haɗa biyun a rana ɗaya kamar Anikulapo a 2022. Netflix ya ce ya kashe dala miliyan 23.6 a Nijeriya daga 2016 zuwa 2022. Prime Video na kamfanin Amazon ya shigo ya ƙulla yarjejeniya da kamfanoni irin su Inkblot domin karɓar fina-finansu bayan sinima, amma a Janairun 2024 ya dakatar da ɗaukar nauyin sababbin ayyuka a Afirka. A ƙarshen shekarar masu shirya fim suka fara ƙorafin cewa Netflix ma ya rage saye, kodayake kamfanin ya musanta cewa zai fice. Sakamakon haka manyan furodusoshin Legas suka kasu: masu ƙarfin jan jama'a suna rububin watan Disamba a sinima, sauran suka buɗe tashoshin YouTube, hanyar da 'yan Kano suka riga su bi da shekaru.

Yadda abin yake daga Kafanchan

Kafanchan, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jema'a, gari ne da jirgin ƙasa ya raya. A 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya sa garin ya zama mahaɗa, inda hanya ɗaya ta nufi Kaduna ɗaya ta haura Jos. Ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa, Ibo, Yarbawa, Hausawa da sauransu, suka zauna tare da Fantswam da maƙwabtansu Bajju, Atyap, Ham, Agworok da Gwong. Hausa ta zama harshen kasuwa, da na wa'azi a coci da masallaci, Turanci kuma ya yi ƙarfi saboda makarantun mishan. Ga mai sayar da fim, wannan yana nufin gari ɗaya da ke kallon kayan Kano da na Legas duka, har da fina-finan Indiya masu fassarar Hausa da fina-finan bishara da ake shiryawa da Hausa a Jos da Kaduna. Akwai kuma ɗalibai masu yawa, na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke garin, da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da makarantar koyon aikin jinya, waɗanda su ne irin mutanen da ke cika gidajen sinima a wasu birane.

Duk da haka, wanda ke son ganin sabon fim a babban allo na zamani sai ya yi tafiyar sa'o'i zuwa Jos ko Abuja. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin motar zuwa da dawowa ya ninka kuɗin tikitin. Matsalar tsaro da yankin ya sha fama da ita, da dokar hana fita da aka riƙa sanyawa a wasu ƙananan hukumomi a lokutan rikici, sun sa fitar dare ba abin da ake ɗauka da wasa ba ne. Abin da ke akwai shi ne gidan kallo mai janareto, wanda ƙwallon Turai ta mamaye, da tauraron ɗan'adam a gidajen masu hali, da kuma waya. Ita ma wayar tana da nata tsadar, musamman bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Saboda haka rumfar mai tura fim ba ta mutu ba: mutum ɗaya ya sauke, ɗari su karɓa ba tare da sun taɓa intanet ba, kallon da ba ya shiga ƙidayar YouTube balle ya kawo kuɗin talla.

Ta wannan fuska, dogon wa'adi ba ya kare komai a kudancin Kaduna, domin babu tikitin da za a yi asararsa. Abin da yake yi shi ne ya bar jama'a suna ganin tallar fim a Facebook da TikTok na wata uku ko shida ba tare da halastacciyar hanyar kallonsa ba, har sha'awar ta huce ko kuma kwafin sata ya riga na gaskiya isowa. A ɗaya gefen, idan furodusa ya gajarta wa'adin domin irin waɗannan garuruwa, masu sinima a Legas da Abuja za su rage masa lokutan nunawa, tunda kwafin da ya hau intanet ba ya sanin iyakar jiha. Wannan shi ne ainihin tsaka mai wuyar da mai fim a Nijeriya ke ciki, a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200 amma allunan sinimarta na zamani ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba.

Hanyar da ta fi dacewa da irin wannan yanki tsohuwa ce, wato a kai fim ɗin inda mutane suke, a haska shi a ɗakin taro, harabar makaranta ko zauren biki, a karɓi kuɗin ƙofa daidai ƙarfin jama'a. Majigi ke nan ya dawo da sabuwar riga, kuma na'urar haskawa ta yau ba ta da nauyi ko tsada irin ta da. Kalandar yankin ma ta bambanta da ta Kano. Lokacin da garuruwa ke cika shi ne Kirsimeti da sabuwar shekara, sa'ad da 'yan asalin yankin ke dawowa daga Abuja, Kaduna da Legas, ga bikin Afan na Kagoro a ranar 1 ga Janairu, ga Tuk Ham a Kwoi wajen lokacin Ista. Lokacin ya kuma zo daidai da kakar citta, wadda ke sa kuɗi a hannun manoman Kachia, Jaba da Kagarko. Furodusan da ya tsara fitarwarsa a kan Sallah kaɗai ya bar wannan kasuwa a baya. Cikas ɗin tsarin zagayawa su ne tsaro, wutar lantarki, wahalar tabbatar da adadin tikitin da aka sayar, da haɗarin wani ya ɗauki allon da wayarsa.

Abin da furodusa ke aunawa

A aikace, girman kuɗin da aka kashe shi ke fara yanke hukunci. Fim ɗin da ya ci ɗaruruwan miliyoyin naira ba zai mayar da su daga tallar YouTube ba, dole ya nemi sinima, mai ɗaukar nauyi ko manhaja mai biya da dala. Wanda aka yi da kuɗi kaɗan cikin mako biyu kuwa ba shi da abin tallata kansa a sinima, gara ya tafi gida kai tsaye. Sai nau'in labari: barkwanci da yaƙi sun fi daɗi cikin taro, labarin kishi da zaman aure kuwa masu kallonsa suna cikin gida. Akwai kuma neman lambar yabo. Dokar gasar Oscar ta fina-finan ƙasashen waje ta tanadi a nuna fim a sinima na kwana bakwai a jere kafin ya cancanta, sharaɗin da ya shafi fina-finan Hausa biyu da suka wakilci Nijeriya, The Milkmaid na 2020 da Mai Martaba na 2024.

Babu dokar Nijeriya da ta ƙayyade tsawon wa'adi irin ta Faransa. Yarjejeniya ce tsakanin furodusa, mai rarrabawa da masu sinima. Abin da hukuma ke riƙe da shi shi ne tacewa da kare haƙƙin mallaka. Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar 1993, ita ke ba da shaidar nunawa da lasisin wuraren haskawa. Ta Jihar Kano ta nuna a Mayun 2025 cewa tana ɗaukar intanet a cikin huruminta, lokacin da ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 saboda rashin kawo su tacewa. Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979 mai hedikwata a Jos, tana ƙarƙashin jagorancin Ali Nuhu tun Janairun 2024. Sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris ɗin 2023, ta ba mai fim ikon neman a sauke aikinsa daga shafin da ya ɗora shi ba da izini ba, ta kuma ba Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka damar toshe irin waɗannan shafuka. Tanadin ya fi aiki a kan abin da ke intanet. Fim ɗin da ke tafiya daga katin ajiya zuwa katin ajiya a kasuwar Kafanchan ko ta Zonkwa ba shi da adireshin da za a aika wa takardar gargaɗi.